Ɗan takarar da ba a nuna maka ba, yaya za a yi ka zaɓe shi?



Yau maganar kafafen labarai da ƴan takara za mu yi. In aka ce gidan rediyo ko talabijin ya yi son kai, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne ƙarya: wai an yi wa wane ƙage, an ɗora masa abin da bai aikata ba. Wannan kam yana faruwa. Amma ita ƙarya da sauƙinta, don ana jin ta, ana iya ƙaryata ta, wanda aka yi wa ma yana iya zuwa kotu. Abin da ya fi ta illa shi ne shiru. A ƙi ambaton mutum, a ƙi nuna fuskarsa, a tura sunansa can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Wa zai kai ƙarar shiru? Kai mai sauraro ba ka ma san an rage maka wani abu ba.

Misalan daga Amurka zan ɗauko su, don can ne gidan kamfanonin da ke cikin wayoyinmu na salula, can ne kuma aka zauna aka ƙidaya abin da agogo, aka je kotu, takardu suka fito.

Mu fara da talabijin. A shekarar 2015, lokacin da jam'iyyun Amurka ke shirin zaɓen fidda gwani, wani mai bin diddigin labaran talabijin, Andrew Tyndall, ya lissafa mintocin da manyan tashoshi uku, ABC da CBS da NBC, suka ba kowane ɗan takara cikin labaransu na yamma. Daga Janairu zuwa ƙarshen Nuwamba, Donald Trump ya samu minti 234. Sanata Bernie Sanders, wanda a lokacin dubban mutane ke cika filayen gangaminsa, ya samu minti 10 kacal. A tashar ABC kaɗai abin ya fi muni: Trump minti 81, Sanders daƙiƙa 20. Daƙiƙa 20 fa, ko gaisuwar safe ba ta isa ba. Kuma wannan mutumin da aka ɗauka ba kowa ba ne, daga baya ya samu ƙuri'a sama da miliyan 13 a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat.

Ku lura, ba wanda ya yi wa Sanders ƙarya a cikin wannan lissafi. An dai yi kamar ba ya nan.

To me ya sa? Tashoshin suna son Trump ne?  Amsar ta fito daga bakin shugaban CBS na lokacin, Leslie Moonves, a Fabrairun 2016. Ya ce ƙila wannan takara ba alheri ba ce ga Amurka, amma ga CBS kam alheri ce babba, kuɗi na shigowa. Mutum mai hayaniya yana jawo masu kallo, masu kallo suna jawo talla, talla kuma ita ce abincin gidan talabijin. Zuwa Maris na 2016 an ƙiyasta cewa tallar kyauta da kafafen labarai suka yi wa Trump ta kai kusan dalar Amurka miliyar 2. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Son kai ba sai an yi taro cikin dare an ƙulla makirci ba. Wani lokaci aljihu kawai ke jan akala.

Da mutane suka gaji da wannan, sai aka ce ai intanet ta zo, kowa zai nemo wa kansa gaskiya. Kana da waya, kana da mega, ka shiga Google, matambayi ba ya ɓata. Mu duba yadda aka yi da matambayin.

Ranar 26 ga Yunin 2019 aka yi muhawarar farko ta ƴan takarar Democrat a birnin Miami. Cikinsu akwai wata ƴar majalisa daga jihar Hawaii, Tulsi Gabbard, wadda mutane da yawa ba su san ta ba. Bayan muhawarar sai ga sunanta kan gaba cikin waɗanda ake nema a Google. Ga ɗan takara maras ƙarfi, irin waɗannan awoyi su ne kakarsa: mutane na neman ka, ka sa talla ta kai su shafinka, su karanta manufarka, su ba da gudummawa. Daidai wannan lokaci Google ya dakatar da asusunta na talla, kusan awa shida. Kamfanin ya ce na'ura ce ta yi, wai tsarinsu yana tsayar da asusu da kansa in ya ga kuɗin da ake kashewa ya sauya ba zato, don gudun ƴan damfara. Ita kuwa ta ce an toshe mata baki ne. A watan Yuli ta shigar da ƙara tana neman diyyar dalar Amurka miliyan 50.

A Maris na 2020 alƙali Stephen Wilson ya kori ƙarar. Dalilin da ya bayar shi ne wurin da nake so mu tsaya. Bai zauna ya tantance ko Google ya yi da gangan ko kuskure ba ne. Cewa ya yi dokar ƴancin faɗin albarkacin baki ta kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati take hanawa toshe bakin mutane, Google kuwa ba gwamnati ba ne, kamfani ne mai zaman kansa. Wato ko da an yi da gangan ɗin, wannan doka ba ta kama shi ba. Shi ke nan, magana ta mutu.

Wani zai ce to mene ne a cikin awa shida, ko a cikin jera sunaye? Ka tuna ranar da ka shiga kasuwar Dole a Damagaram kana baƙo, dillali ya tare ka a bakin ƙofa. Rumfa uku zai kai ka, ya ce nan ne kaya masu kyau. Bai yi maka ƙarya ba, kayan suna da kyau. Amma akwai rumfa ɗari a bayansu da ba ka gani ba, kai kuma ka koma gida kana cewa ka zaga kasuwa. Haka shafin farko na Google yake. Mutum nawa ne ke wucewa shafi na biyu?

Wasu masana biyu, Robert Epstein da Ronald Robertson, sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun ƙirƙiri injin bincike na gwaji, suka ba mutane sama da 4,500 a Amurka da Indiya, har da masu zaɓe a lokacin zaɓen Indiya na 2014. Labaran duk na gaske ne, iri ɗaya kowa ya samu, jerin kawai aka sauya: wasu suka ga labaran da ke yabon ɗan takara na farko a sama, wasu suka ga na ɗayan. Sai aka tarar wannan jerin kaɗai yana iya karkata ra'ayin waɗanda ba su yanke shawara ba da kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma mafi yawansu ba su lura an yi musu wani abu ba. A yi adalci: binciken ya nuna abin da zai iya yiwuwa ne, bai kama Google yana aikatawa ba, kamfanin kuma ya ce bai taɓa sauya jerin sakamako don karkata zaɓe ba. Sai dai wa zai shiga ciki ya duba? Lissafin da na'urar ke bi wurin jera labarai sirrin kamfani ne. Abin da muke da shi kawai kalmarsu.

Kuma kalmar ta taɓa samun tabo a wani fanni. A 2017 Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro miliyar 2.42, sama da miliyar 1,500 na kuɗin sefa kenan, saboda ya ɗora nasa shafin saye da sayarwa a saman sakamakon bincike, ya danne na abokan gasa. A Agustan 2024 kuma wani alƙali a birnin Washington, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. A shari'ar aka bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka ta hannunsa yake bi, kuma a 2021 kaɗai ya biya sama da dalar Amurka miliyar 26 ga masu ƙera waya da sauransu don ya zama shi ne za ka tarar da zarar ka kunna. Dillali ɗaya ne a ƙofar kasuwar duniya, ba mai duba littafinsa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke zamewa. Kowa yana ganin zaluncin ne ranar da aka taɓa nasa.

Ranar 14 ga Oktoban 2020, saura kwana 20 zaɓe, jaridar New York Post ta buga labari kan wasiƙun da aka samu cikin kwamfutar Hunter Biden, ɗan Joe Biden. Twitter ya hana kowa tura labarin, ya rufe asusun jaridar kusan mako biyu, yana cewa dokarsa ta hana yaɗa bayanan da aka sato ta kutse. Facebook shi ma ya rage yaɗuwarsa. Magoya bayan Trump suka yi ta kuka, magoya bayan Biden da yawa suka ce daidai ne. Daga baya shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya amsa cewa kuskure aka yi, Mark Zuckerberg ma a 2024 ya rubuta wa majalisar Amurka cewa bai kamata su danne labarin ba. Amma lokacin da Zuckerberg ya rubuta wasiƙar, zaɓe ya riga ya wuce.

Sai Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, ya sauya masa suna zuwa X, yana cewa ya zo ƴanta baki. A 2024 ya fito fili ya goyi bayan Trump, ya zuba sama da dalar Amurka miliyan 250 a kamfe. A watan Satumbar shekarar wani ɗan jarida, Ken Klippenstein, ya wallafa wata takardar cikin gida ta kwamitin kamfen Trump game da JD Vance, mataimakin da ya ɗauka, takardar da ake zargin masu kutse ne suka sato. X ya dakatar da asusun ɗan jaridar, ya toshe hanyar shiga labarin, yana cewa akwai bayanan sirri na mutum a ciki. Dandali ɗaya, aiki iri ɗaya, mai gida ne kawai ya sauya. Waɗanda suka yi kuka a 2020 da yawansu suka yi tsit, waɗanda suka yi tafi a 2020 suka ɗauki kuka.

Wanda ke kare ƴancin ɗan takararsa kaɗai, jam'iyya yake karewa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A siyasa sai mu ƙara: ko gemun abokin hamayya ne.

Ina sane da hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ta banza ba ce. In kamfanonin nan suka naɗe hannu ba su cire komai ba, intanet za ta cika da labaran ƙarya, da hotunan haɗi, da kiran a fito a kashe wane. Mu da muke karɓar saƙonnin murya na WhatsApp dare da rana mun san yadda jita-jita ɗaya ke iya tada gari. Kuma gaskiya ne wani lokaci na'ura ce ke yin wauta ba tare da hannun kowa ba. A Yulin 2024, bayan an harbi Trump a wurin gangami a jihar Pennsylvania, mutane suka lura in ka fara rubuta maganar yunƙurin kisan a Google, ba ya ƙarasa maka da sunan Trump kamar yadda ya saba ƙarasa kalmomi. Aka yi ca a kansa. Kamfanin ya ce wani tsohon shinge ne da aka sa don hana na'urar haɗa sunayen ƴan siyasa da kalmomin tashin hankali, ba a sabunta shi ba. Ƙila haka ne. To amma kullum haka za a yi, abu ya faru, su ce na'ura ce, mu ce to?

Ni ban ce kada a tace komai ba. Abin da nake cewa, wanda ke da ikon ɓoye ɗan takara daga idon miliyoyin mutane, dole a san dokar da yake bi tun kafin a fara wasa, dokar ta hau kan kowa, kuma a samu wani daga waje da zai iya buɗe littafi ya duba. Ko alƙalin kokowa a filin takobi ba ya yanke hukunci a ɗaki, gaban jama'a yake ɗaga hannun wanda ya yi kaye.

To ina ruwanmu da rikicin Amurkawa? Ruwanmu da tsaki. Wayar da ke aljihunka a Tasawa ko Birnin Konni, Google ɗin da ke cikinta shi ne dai wancan. Facebook ɗin da kake karanta wannan rubutu a kai, lissafin da ya zaɓi ya nuna maka shi, ya ɓoye maka wani, a Kaliforniya aka tsara shi. In ƴar majalisar Amurka mai lauyoyi ta kasa samun komai a kotun ƙasarta, ɗan takarar magajin gari a nan wa zai kai wa kuka?

A zaɓuɓɓukan da muka yi a baya, muna da abu ɗaya da ya kamata a yaba. A wancan lokaci hukumar CSC takan raba wa ƴan takara lokaci daidai a Télé Sahel da Muryar Sahel idan an buɗe kamfe, har a jefa ƙuri'a kan wanda zai fara magana. A zagayen farko na 27 ga Disamban 2020 ƴan takara 30 ne, ƙarami da babba kowa yana da haƙƙin mintocinsa. Faransa ma haka take yi, a mako biyu na ƙarshe kafin zaɓen shugaban ƙasa ana auna lokacin kowa daidai. Tsarin yana da rami, don kafin a buɗe kamfe mai riƙe da mulki a ko'ina yana shan kallo da sunan buɗe asibiti da aza tubali. Duk da haka akwai doka a rubuce, akwai agogo, akwai ofishin da za ka je ka yi ƙorafi. A waya ba ko ɗaya cikin waɗannan, alhali matasan da ke zaune a fada suna shan shayi sun fi kallon waya bisa ga talabijin nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Injin bincike abin da aka rubuta aka sa a intanet yake jerawa. Yawancin abin da aka rubuta kan ƴan siyasarmu da Faransanci yake, da yawa kuma daga manyan kafafen waje. Hirar da ɗan takara ya yi da Hausa ko Zabarmanci a rediyon garinsu, inda ya faɗi abin da zai yi kan rijiya da taki da makaranta, iska ta tafi da ita. Don haka mutumin da kafafen waje suka sani shi ne zai cika shafi, wanda jama'arsa kaɗai suka sani kuwa kamar ba a haife shi ba. Wannan shirun ba Google kaɗai ya yi shi ba, da hannunmu a ciki.

Kada kuma wani ya ɗauka maganin shi ne a miƙa wa gwamnati makulli. Mun ga yadda wannan ke ƙarewa. Ranar 24 ga Fabrairun 2021, washegarin bayyana sakamakon zagaye na biyu tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane, aka yanke intanet ta wayar salula a ƙasar nan kusan kwana goma. Mai goyon bayan wanda ya ci da mai goyon bayan wanda ya faɗi, da ɗan kasuwar da ba ruwansa, duk rezo ɗaya aka ɗauke musu. A makwabciyarmu Najeriya, Twitter ya goge wani saƙo na shugaba Buhari a Yunin 2021, gwamnati ta rama da rufe dandalin gaba ɗaya har wata bakwai. Kamfani ya toshe bakin mutum ɗaya, gwamnati ta toshe na miliyoyi.

Yanzu ba mu cikin lokacin zaɓe, jam'iyyu ma an rusa su tun Maris na 2025. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin wannan magana, tun ba a san wanda za ta amfana da wanda za ta ƙuntata ba. Tun ran gini tun ran zane. Duk ranar da za a zauna rubuta dokokin zaɓe na gaba, a sa a ciki cewa duk tallar siyasa da aka biya a intanet a bayyana wanda ya biya da nawa ya biya. A hana yanke intanet lokacin zaɓe sai da hukuncin kotu. Hukumar da ke kula da kafafen labarai ta riƙa fitar da lissafin mintocin kowane ɗan takara a fili, mako-mako, yadda kowa zai gani da idonsa.

Ƴan uwa ƴan jarida, ku ma ku riƙe agogo. Kafin wani ya ƙidaya muku, ku ƙidaya wa kanku: wa muka gayyata wannan wata, wa muka manta? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka in shiri na kuɗi ne, a faɗa wa mai sauraro cewa an biya. Hirarrakin da kuke yi da harsunanmu kuma ku riƙa ajiye su a intanet, da sunan mutum da kwanan wata a rubuce, don mai nema ya samu.

Kai kuma mai sauraro, naka aikin ya fi sauƙi. In ka nemi sunan ɗan takara, kada ka tsaya a layi uku na sama. Ka sauka ƙasa, ka nema da Hausa, ka nema da Faransanci, ka saurari tashar da ba ka saba ji ba. In lokacin zaɓe ya zo, ka nemi cikakken jerin ƴan takara daga hukumar zaɓe, ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka su wa ne ban taɓa jin muryarsu ba, kuma me ya sa. Ƙila ba su da abin faɗi ne. Ƙila kuma daƙiƙa 20 aka ba su.

Allah ya ba mu shugabanni na gari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.